Ƙanwata ta zo da WASSCE, nas take son zama: in sa ta kwalejin shekara biyu yanzu ko mu jira?

Dan_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ƙanwata ta ci DV, wato cacar bizar Amurka, ta sauka New York a watan Nuwamba, yanzu wata bakwai ke nan tana wurina a Bronx. Shekarunta 21, a Kumasi ta gama sakandare, sakamakon WASSCE ɗinta ba laifi. Aikin nas take so tun tana yarinya. Wani abokin aikina ya ce in kai ta Bronx Community College ko Hostos, wai kusan kyauta ake karatu. Wani kuma ya ce kwalejin shekara biyu ta waɗanda suka rasa jami'a ce, in daure in sa ta babbar makaranta. Ni direba ne, ban san kan wannan harka ba. Nawa ake biya, me ake nema wajen shiga, kuma takardar tana da daraja kuwa? Wanda ya bi ta nan ya taimaka.

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Wanda ya ce maka ta waɗanda suka rasa jami'a ce, ka tambaye shi ko ya taɓa leƙa aji. Ni ta nan na bi, yau shekarata shida ina aikin nas a asibiti. Jarrabawar lasisin da na zauna, NCLEX, ita ce dai wadda masu digirin shekara huɗu suke zaunawa, kuma lasisin iri ɗaya ne.

Malam_Lissafi:
Ɗan Aboabo, bari in ba ka lambobin tukuna, sai a yi magana a kansu. Duka biyun da ka ambata a ƙarƙashin CUNY suke, wato jami'ar birnin New York, mai kwalejojin shekara biyu guda bakwai. Kuɗinsu ɗaya ne. Mazaunin birni da ke karatu cikakke yana biyan dala 2,400 a zango, 4,800 ke nan a shekara. In kaɗan-kaɗan zai ɗauka, dala 210 kowane kiredit, wato ma'aunin da ake auna nauyin darasi da shi. Wanda ba a lissafa shi a mazauni ba kuwa, dala 320 kowane kiredit, kuma shi ba a yi masa farashin dunƙule. Ban da wannan akwai ƙananan kuɗaɗe na fasaha da na ƙungiyar ɗalibai, sai littattafai. Fom ɗin neman shiga dala 65.

To ga inda gizo ke saƙar: kafin a kira mutum mazauni sai ya cika wata 12 a jihar New York kafin ranar da za a fara darasi, shida na ƙarshe a cikin birnin. Ƙanwarka ta zo a Nuwamba. Zangon da ke tafe ƙarshen Agusta zai fara, lokacin watanta tara. In ta ɗauki kiredit 12, ka buga 320 sau 12, dala 3,840 ke nan maimakon 2,400. In ta jira zangon ƙarshen Janairu ta riga ta cika shekara.

Dan_Aboabo:
Malam, Allah ya saka. Ashe da na kai ta an yi mini aski da kwalba. To ina kyautar da ake faɗa?

Malam_Lissafi:
Kyautar tallafi ce, ba wai makarantar ba ta karɓar kuɗi ba. Tunda tana da katin zama na dindindin, za ta iya cike FAFSA, fom ɗin gwamnatin tarayya. Daga nan ake samun Pell, wanda iyakarsa dala 7,395 a shekara, gwargwadon ƙarfin iyali. Shi Pell ba ruwansa da wata nawa ka yi a jiha. Sai na jiha mai suna TAP, shi kuma sai an cika wata 12. In biyun suka haɗu wa mai ƙaramin ƙarfi, kuɗin makaranta kan biya kansa har a mayar masa da ragowa ya sayi littafi.

Zabiya_718:
Ƙarin bayani kan TAP da ba a cika faɗa ba. In takardar sakandarenka ba ta Amurka ba ce, sai ka ci wata 'yar jarrabawa ta Turanci da lissafi kafin jiha ta ba ka kuɗinta. Makarantar ce ke shiryawa. Ni ban sani ba sai da zango ya yi nisa na ga bashi a shafina, na yi ta zarya tsakanin ofisoshi. Ba ta da wuya, amma a yi ta da wuri.

Alhaji_Tasi:
Ni dai ra'ayina daban. Yarinya ta zo ƙasar neman kuɗi, a bar ta ta yi kwas ɗin kula da tsofaffi a gida na 'yan makonni, ta fara aiki, ta taimaki iyaye. Karatu ba ya gudu. Matanmu nawa ne ke wannan aikin suna gina gidaje a Kumasi da Maraɗi?

Maman_Hanifa:
Alhaji, da girmanka, karatu yana gudu. Na yi wannan aikin shekara huɗu kafin in koma aji, na san daɗinsa na san wahalarsa. Ranar da kuɗi ya fara shiga hannu, gida ya saba da aike duk wata, ranar ka ɗaure kanka. Da muka fara mu biyar ne muke cewa shekara ɗaya za mu yi mu koma makaranta. Ni kaɗai na koma, kuma sai da na sha gori a waya saboda aiken ya ragu. Abin da zan yarda da shi, ta yi kwas ɗin a wannan watannin jiran, ta ga yadda jinya take, ta san ko zuciyarta za ta ɗauki wankin mara lafiya. Amma a rubuta ranar komawa aji a bango.

Alhaji_Tasi:
Hajiya ai ba mu saɓa ba sosai. Ke kin sa rana, ni ban sa ba.

Bakano_Sak:
Ku gafarce ni, daga Kano nake bibiyarku. Wannan kwalejin kamar poli ce a wurinmu? Mutum ya yi ND sannan ya nemi shiga jami'a kai tsaye aji biyu?

Injiniya_Sule:
@Bakano_Sak ta yi kama, amma akwai bambanci. A nan kiredit ake tarawa. Takardar shekara biyu kusan kiredit 60 ce, digiri kuma 120. In ka gama ta farko ka koma jami'a, kiredit ɗinka ake ɗauka a ɗora, sai ka ci gaba daga aji uku idan komai ya shiga. Ni haka na yi, na fara a kwalejin unguwa, na ƙarasa injiniya a City College da ke Harlem. A takardar digirina ba inda aka rubuta daga ina na faro. Kuma ku duba bambancin kuɗi: manyan kwalejojin CUNY dala 6,930 ne a shekara ga mazauni, ƙananan 4,800. Masu zaman kansu kuwa kar ma a yi magana.

Amma a kula da haruffan da ke jikin takardar. Akwai AA da AS, waɗannan an tsara su ne don mai niyyar wucewa jami'a. Akwai AAS, ita ta fita neman aiki ce kai tsaye, irin su hoton asibiti, gyaran mota, kula da haƙora. Mai AAS in ya zo wucewa wani fanni, ba lallai duk darussansa su shiga lissafi ba.

Gimbiya_NC:
Wannan magana ta Injiniya a riƙe ta. Ni na canja jiha a tsakiyar karatu, makarantar da na koma ta ƙi karɓar darussa huɗu da na riga na ci, wai ba su yi daidai da nasu ba. Kuɗi da zango guda suka tafi a banza. Tun ranar farko ta gaya wa mai ba ɗalibai shawara inda take son ƙarasawa, ya nuna mata darussan da can ɗin ke karɓa.

Sannan ba New York kaɗai ce Amurka ba fa. Mu nan Greensboro, kwalejojin jihar North Carolina dala 76 ne kiredit ga ɗan jiha, 268 ga baƙo. Haya ma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. 'Yan Nijar da yawa a nan Guilford Tech suka fara.

Malam_Lissafi:
Gimbiya, gaskiya ne, California ma dala 46 ce. Amma in ya tura ta wurinku yau, lissafin wata goma sha biyun sabo zai koma. Ta bar bakwai a hannu ta je ta fara daga ɗaya.

Gimbiya_NC:
Haka ne kuma. Na janye, amma tayin yana nan ga masu zuwa nan gaba.

Bakano_Sak:
To mu da ke gida fa? In mutum ya nema daga Kano za su ɗauke shi? Akwai wani a nan da ke cewa a ba shi kuɗi ya samo wa mutum gurbi a irin wannan kwalejin, wai da ka sauka za ka yi aiki ka biya kuɗin makaranta da kanka.

Injiniya_Sule:
Ɗan'uwa riƙe kuɗinka. Gurbin ba shi ne wahala ba, waɗannan makarantun ƙofarsu a buɗe take ga duk mai takardar sakandare, kai ma za ka iya cike fom ɗin a wayarka. Abin da mutumin bai gaya maka ba shi ne sauran. Mai bizar ɗalibi farashin baƙo yake biya har ya gama, kuma dole ya ɗauki aƙalla kiredit 12 kowane zango. A CUNY dala 7,680 ke nan a shekara kafin ci da sha da wurin kwana. Ba shi da FAFSA, ba shi da Pell. Kafin makaranta ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai ka nuna shaidar banki cewa akwai kuɗin shekara guda, na karatu da na rayuwa. Sannan ka biya dala 350 na SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnati, da 185 na neman biza, kuma in an hana ka ba a mayar da na bizar. Aiki kuwa, doka ta yarda da awa 20 a mako a cikin harabar makaranta kawai lokacin karatu. Wanda ya je ya kama aiki a waje ba izini ya karya sharaɗin bizarsa. Ga shi yawancin irin waɗannan kwalejoji ba su da ɗakin kwanan ɗalibai, sai ka nemi haya.

Dogo_Zinder:
Kuma tun 2025 dokokin biza suka ƙara tsanani a kan 'yan Najeriya da mu 'yan Nijar. Kafin ka ba kowa sisi, ka buɗe shafin ofishin jakadancin Amurka ka karanta abin da ke aiki a ranar.

Bakano_Sak:
Na gode. Ashe rijiya aka nuna mini aka ce tudu ne.

Dogo_Zinder:
Tunda an buɗe zancen, ni ma ga tawa. Ɗan yayana ya zo da BAC, takardar gama sakandarenmu, daga Damagaram, lissafi kamar ruwa, amma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ƙanwar Ɗan Aboabo ta huta, da Turanci ta yi karatu. Mu masu Faransanci ta ina ake farawa?

Zabiya_718:
Akwai shirin CUNY mai suna CLIP, na koyon Turanci zalla, awa 25 a mako, kuɗinsa kaɗan ne. Amfaninsa shi ne ba ya cin tallafinka. Domin Pell yana da iyaka, kwatankwacin zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwar mutum. In ya ƙone zango uku yana fama da Turanci a ajin da ake biya, zai ji a jikinsa lokacin da ya kai jami'a. Ya nemi gurbi a kwalejin tukuna, sannan ya ce yana son ya fara da CLIP. Takardar BAC ɗin kuma sai an fassara ta zuwa Turanci a wurin masu fassara da aka yarda da su.

Ustaz_Bronx:
Ina da tambaya ga masu ilimin abin. Wannan tallafi da kuke ta ambata, ba bashi ne mai ruwa ba? Kada mu tura yara cikin riba muna murna.

Malam_Lissafi:
Ustaz, tambaya mai kyau. Abu biyu ne ke fitowa daga fom ɗin. Pell da TAP kyauta ne, ba a biya. Bashin gwamnati kuma daban yake, shi ne mai ruwa, kuma ba a ɗora wa kowa sai ya nema ya sa hannu. Mai karatu a kwalejin shekara biyu yana zaune gidan ɗan'uwansa, da wuya ya buƙace shi. Wannan ma na cikin dalilan da ya sa nake tura yaranmu can. Sai dai akwai tarko ɗaya: in ɗalibi ya karɓi Pell ya watsar da darussa a tsakiyar zango, ana iya cewa ya mayar da wani kaso, kuma in makinsa ya yi ta faɗuwa a yanke tallafin.

Ustaz_Bronx:
Alhamdu lillahi, na fahimta. Allah ya ƙara sani.

Dan_Aboabo:
Na zauna da ita jiya muka buɗe FAFSA ɗin, sai muka ga ana tambayar kuɗin shigar iyaye. Iyayenmu suna Kumasi, ni nake ciyar da ita. Nawa zan sa ko nasu?

Zabiya_718:
Nasu. In ɗalibi bai kai 24 ba, ba aure, ba ɗa, fom ɗin yana ɗaukarsa ɗan gaban iyaye ne ko da suna wata ƙasa. Yaya ba ya zama uba a wurinsu. Za a juya abin da Baba ke samu daga sidi zuwa dala a rubuta. Ku je ofishin tallafin kuɗi na makarantar da takardunku, suna taimakawa kyauta. Kar ku biya kowa a shagon unguwa don ya cike muku.

Alhaji_Tasi:
Kun ji ko, "ba aure". A ɗaura mata aure kawai fom ya yi sauƙi, ina da ɗa injiniya.

Maman_Hanifa:
Alhaji ka fara da aikin tsofaffi, yanzu ka koma aure. Yarinyar nan dai sai ta yi karatu in sha Allahu.

Ɗan Aboabo, bari in gaya maka abin da ba a rubuta a takardar talla ba. Samun shiga kwalejin daban, samun shiga sashen nas daban. Kowa ana ɗauka a makarantar, amma kujerun nas ƙidayayyu ne. Sai ta fara yin darussan share fage, ilimin sassan jiki da aikinsu, Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam, lissafin magani, sannan ta nema da makin da ta samu. Masu A ne ke shiga gaba. Na ga waɗanda suka samu C a darasin sassan jiki suka yi shekara biyu suna jiran kujera, daga baya suka canja fanni. Saboda haka shekara biyun da ake faɗa, a nas ka lissafa uku ka huta. Kar ka bari ta haɗa darasin sassan jiki da aikin dare a zango ɗaya. Ni na gwada, a jirgin ƙasa nake haddar ƙasusuwa ina gyangyaɗi har in wuce tashata.

Sannan jihar New York ta yi doka a 2017 cewa sabon nas mai takardar shekara biyu sai ya kammala digiri cikin shekara goma da samun lasisi. Ba abin tsoro ba ne, ni ina aiki na ƙarasa nawa a Lehman, nan cikin Bronx. Amma ta san cewa tafiyar ba ta ƙare a kwalejin ba.

Hajara_RT:
Anti Maman Hanifa ta faɗi gaskiya, kuma ina ƙara cewa ba nas kaɗai ba ce aikin asibiti. Mu mutanenmu kowa nas, nas. Ni hoton ƙashi na karanta, shekara biyu bayan share fage, ina aikina lafiya. Hostos na da wannan fannin, suna da na kula da haƙora ma. Ta je ranar da suke buɗe ƙofa ga masu sha'awa ta zagaya ta gani da idonta. Maganar hijabi kuma in tana damunta, ni da shi na yi karatu da shi nake aiki, kuma Musulmi suna da yawa a makarantun nan.

Injiniya_Sule:
Ba wanda ya ambaci ASAP. Shiri ne na CUNY tun 2007 ga masu karatu cikakke. Suna ba da kuɗin jirgi da bas, suna taimakawa da littattafai, suna cike giɓin da tallafi ya bari, ga mai ba da shawara naka na kanka da zai riƙa bibiyarka. Sharaɗin sai kana biyan farashin mazauni, kuma ba kowane fanni suke ɗauka ba, sai ta tambaya ko nata yana ciki. Wannan ma wani dalili ne na jiran Janairu.

Sarkin_Gardama:
Ni ban yarda da jiran nan ba. Kun mayar da dala dubu ɗaya da ɗari huɗu kamar dutsen Dala. Yarinya tana zaune a ɗaki tun Nuwamba, ku ƙara mata wata bakwai? Zaman banza ke kashe zuciya. Ta ɗauki darasi biyu a Agusta, kiredit shida, dala 1,920, Pell ya ɗauki abin da zai ɗauka. Ta saba da yadda malaman nan ke magana, ta saba da rubuta aiki a kwamfuta. Turancin Kumasi daban, na aji a nan daban, ni na san yadda na yi wata biyu ina kallon bakin malami.

Malam_Lissafi:
Sarki, ba ka yi ƙarya ba, hanya ce. Sai dai ka tuna Pell ɗin ma raguwa yake in kiredit ya ragu, ba cikakke za a ba ta ba. Kuma in ta shiga da farashin baƙo, ba ya sauka da kansa a Janairu, sai ta cike fom ɗin zama mazauniya ta kai shaida. Wannan ya tuna mini: Ɗan Aboabo, ko yaushe za ta fara, tun yau ka tara takardu masu sunanta da adireshin gidanka da kwanan wata. Katin shaida na jiha, takardar banki, wasiƙar hukuma. In komai da sunanka yake, ranar da aka ce ta kawo shaidar wata 12 za ku tsaya kuna kallon juna.

Baba_Mai_Goro:
'Ya'yana, ina karanta ku ina jin daɗi. Ni shekarata 52, ko sakandaren kirki ban gama ba. Na ji an ce yanzu jiha na biya wa manya. Da gaske ne ko zancen masallaci ne?

Zabiya_718:
Baba da gaske ne. Daga zangon kaka na 2025, gwamnatin jiha ƙarƙashin Gwamna Kathy Hochul ta fara biya wa 'yan shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri kuɗin kwalejin shekara biyu har da littattafai, amma a fannonin da ake neman ma'aikata, irin su jinya, koyarwa da fasahar kwamfuta. Sai dai kai matakinka na farko takardar GED ce, madadin ta sakandare, kuma ana koyar da ita kyauta a wurare da yawa a Bronx. Saura shekara uku a rufe maka ƙofa, Baba, a daure.

Baba_Mai_Goro:
To, bari in nemo tabarau.

Dan_Aboabo:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun je makarantar yau da safe. Sun ce ta kawo sakamakon WASSCE na asali da katin duba sakamako don su tabbatar, da shaidar rigakafi. Ita dai maganar Sarkin Gardama ce ta shige ta, so take ta fara da darasi biyu a Agusta. Ni kuma lissafin Malam ne a kaina, ga haya ga inshorar mota. Mun bar shi a kan sai mun ga abin da FAFSA zai fitar. Katin jiha kam gobe za mu je ta yi, don ashe duk watannin nan ba wata takarda mai sunanta sai ambulan ɗin da katin zamanta ya zo a ciki.

Malam_Lissafi:
Ambulan ɗin nan kar a yar da shi, akwai kwanan wata a jiki.

Sarkin_Gardama:
In ta fara a Agusta, Turanci da ilimin halayya za ta ɗauka. Sassan jiki a bar shi sai ta zauna da gindinta. Maman Hanifa, ko na yi kuskure?

Maman_Hanifa:
Wannan karon ba ka yi ba. Ɗan Aboabo, ina da littafin sassan jiki na da, bugun ya tsufa amma ƙasusuwan ba su canja ba. Ka yi mini magana ta gefe ta zo ta karɓa ranar Lahadi bayan la'asar.